Mutuwar Duckadam: Wa ke da kofin, wa ya ɗauki nauyin wanda ya ciwo shi?

A ranar Litinin, 2 ga Disamba, 2024, aka sanar da rasuwar Helmuth Duckadam a asibitin sojoji da ke Bukarest, babban birnin ƙasar Romaniya, yana da shekara 65. Ba lallai ne matasan da ke cika gidajen kallon ƙwallo a yau su san wannan suna ba, amma tsofaffin magoya bayan Barcelona sun san shi, kuma ba su manta da ranar da suka san shi ba. Shi ne mai tsaron gidan da ya tare fenareti huɗu a jere a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 1986, ya miƙa wa ƙungiyar Steaua kambin da babu wata ƙungiya daga ƙasashen gurguzu da ta taɓa ɗauka kafin wannan dare.

Da labarin ya fita, kafofin yaɗa labarai sun yi ta maimaita hoton wannan bajinta, kuma ta cancanci a maimaita ta. Sai dai abin da ya fi buƙatar nazari shi ne shekara 38 da suka biyo baya. Wasan da ya ɗaukaka Duckadam shi ne babban wasansa na ƙarshe. Yana da shekara 27 rashin lafiya ta raba shi da fagen da ya yi suna a cikinsa, ya shiga fafutukar neman na tuwo, yayin da hukumomi da attajirai suka shafe shekaru a kotu suna jayayya kan mallakar kofin da hannunsa ya ciwo.

Daren Seville

An buga wasan ne ranar Laraba, 7 ga Mayu, 1986, a filin wasa na Sanchez Pizjuan da ke birnin Seville a kudancin Sifaniya. A takarda filin ba na kowa ba ne, amma a zahiri Barcelona a gida take, domin magoya bayanta ne suka mamaye kusan dukkan kujerun, 'yan Romaniya kuwa ƙalilan ne gwamnatinsu ta bari suka fita. Barcelona ba ta taɓa cin wannan kofi ba a lokacin. Ta je wasan ƙarshe a 1961, Benfica ta doke ta, don haka jama'arta suka ɗauka cewa jiran shekara 25 ya zo ƙarshe. Tana da koci ɗan Ingila, Terry Venables, ga Bernd Schuster na Jamus a tsakiya, ga Steve Archibald na Sikotlan a gaba. A wasan kusa da na ƙarshe ma ta nuna abin mamaki, inda IFK Goteborg ta Suwidin ta ci ta 3-0, ta rama 3-0 a gida, sannan ta haye da bugun fenareti.

Ita kuwa Steaua ta biyo ta kan Vejle ta Denmak, da Honved ta Hungari, da Kuusysi ta Finlan, sannan ta fitar da Anderlecht ta Beljiyam bayan ta sha kashi 1-0 a waje ta rama 3-0 a Bukarest. Masu sharhi da dama sun ce ta samu sauƙin hanya ne, musamman da yake an dakatar da ƙungiyoyin Ingila daga gasannin Turai bayan bala'in filin Heysel na 1985. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Kocin Steaua, Emerich Jenei, ya tsara wasansa kan tsaron gida da kashe lokaci. Har ya kai ga saka mataimakinsa, Anghel Iordanescu, mai shekara 36, wanda ya riga ya jingine takalmansa. Aka yi minti 120 babu ci, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Bugu huɗu na farko duk ba su shiga ba: golan Barcelona, Urruti, ya tare na Majearu da na Boloni, Duckadam ya tare na Alexanko da na Pedraza. Daga nan Marius Lacatus ya ci wa Steaua, Duckadam ya tare na Pichi Alonso, Gavril Balint ya ƙara na biyu, Duckadam ya tare na Marcos. Aka tashi 2-0, Barcelona ba ta jefa ko ɗaya a raga ba.

Bayanin da shi kansa ya riƙa yi daga baya ya nuna cewa lissafi ne ya yi aiki. A bugu na farko ya faɗa ɓangaren damansa ya dace. Sai ya sa kansa a matsayin mai bugu na biyu, wanda zai zaci golan zai sauya ɓangare, don haka ya sake faɗawa dama. Haka ya yi wa na uku. Da aka zo na huɗu, ya ƙiyasta cewa Marcos ya gama yarda dama zai sake nufa, sai ya faɗa hagu, ƙwallon kuma ta same shi a can. Wanda ya kalli yadda Ronwen Williams na Afirka ta Kudu ya tare fenareti huɗu a wasansu da Kef Bade a Gasar Kofin Afirka a watan Fabrairun 2024 zai iya auna girman abin. Bambancin shi ne Williams an ci shi ɗaya cikin biyar, Duckadam kuwa ba a ci shi ko ɗaya ba, kuma a wasan ɗaukar kofi. Sai a 1992 Barcelona ta samu wannan kambi, bayan ƙarin jiran shekara shida.

Ƙungiyar soja a ƙasar da ke cikin ƙunci

Ba za a fahimci abin da ya same shi daga baya ba sai an san tsarin da ya yi wasa a ƙarƙashinsa. An haifi Duckadam ranar 1 ga Afrilu, 1959, a ƙauyen Semlac na yankin Arad, kusa da iyakar Hungari, cikin tsirarun Jamusawan da suka daɗe da zama a yammacin Romaniya. Ya yi suna a UTA Arad, sannan ya koma Steaua a 1982, inda ya ci gasar ƙasar sau biyu. Sau biyu kacal ya tsare wa tawagar ƙasarsa raga, domin Silviu Lung ne ke riƙe da gurbin a wancan zamani.

Steaua, wadda ma'anar sunanta ita ce tauraruwa, rundunar sojin ƙasar ce ta kafa ta a 1947. Babbar abokiyar hamayyarta, Dinamo, ta ma'aikatar cikin gida ce. A hukumance babu ɗan wasan da sana'arsa ƙwallo ce. Ma'aikatan gwamnati ne, wasu da muƙaman soja, kuma ba mai fita waje ya buga wa wata ƙungiya sai da izini, wanda galibi ba ya samuwa sai ƙarfi ya fara ƙarewa. Valentin Ceausescu, ɗan shugaban ƙasa Nicolae Ceausescu, shi ne uban ƙungiyar, kuma ƙwararren ɗan wasan da ta sa wa ido da wuya ya kuɓuce mata. Gheorghe Hagi aro aka yi daga Sportul Studentesc don wasa ɗaya a farkon 1987, bai sake komawa ba.

A daidai wannan lokaci talakan Romaniya yana cikin matsi. Ceausescu ya ƙudiri biyan dukkan bashin da ake bin ƙasar a waje, don haka ake fitar da abinci ana sayarwa, a gida kuma ana rabon burodi da mai da sukari da kati, ana ɗauke wuta da ɗumin gidaje a tsakiyar hunturu, talabijin ɗin gwamnati kuma bai wuce awa biyu a rana ba. Nasarar Seville ta faɗo wa gwamnatin a kan gaɓa, ta yi amfani da ita wajen nuna wa duniya cewa tsarinta yana haifar da zakaru. Tukwicin da aka fi tunawa an bai wa 'yan wasan shi ne motar ARO, ƙirar gida. A cikin gida ana iya zargin cewa hannun masu mulki na taimakon Steaua, kuma abin da ya faru a wasan ƙarshe na kofin ƙasar a 1988, inda ta fice daga fili don an soke mata ƙwallo amma aka ba ta kofin, ya ƙarfafa zargin. A Seville dai babu wani janar da zai iya ba Marcos umarnin inda zai buga. Wannan nasara guminsu ce.

Hannun dama

Makonni kaɗan bayan wasan, Duckadam yana hutu a yankinsu, ciwo mai tsanani ya kama shi a hannun dama. Likitoci suka gano matsala a jijiyar jini, inda gudan jini ya toshe hanya, aka yi masa tiyatar gaggawa aka ceto hannun. Amma tsaron raga a babban mataki ya ƙare. Bai je Tokyo ba a watan Disamba lokacin da River Plate ta Ajantina ta ci Steaua 1-0 a kofin nahiyoyi, ba ya cikin waɗanda suka doke Dynamo Kiev a Monako a watan Fabrairun 1987, kuma ba shi ne a raga ba lokacin da AC Milan ta lallasa su 4-0 a wasan ƙarshe na 1989. A shekarar da aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Romaniya, ya kuma shiga cikin goman farko a zaɓen Ballon d'Or, a shekarar ce ya ɓace daga fili.

A ƙasar da jarida ba ta faɗin komai sai abin da aka ba ta, jita-jita ce ke cike giɓi. Sai aka riƙa yaɗa cewa wai an ba shi kyautar Marsandi daga Madrid don ya kunyata Barcelona, wani ɗan shugaban ƙasa ya nemi motar ya hana, aka sa jami'an tsaro suka karya masa hannu. Duckadam ya ƙaryata wannan labari sau da dama, har bayan faɗuwar gwamnatin, lokacin da babu abin da zai ji tsoro. Duk da haka labarin ya ƙi mutuwa, saboda ya dace da abin da mutane suka sani game da masu mulkinsu, kuma ya fi daɗin ji a kan gaskiyar, wadda ita ce ciwo ne irin wanda zai iya samun kowa. Lafiya uwar jiki. Jarin ɗan ƙwallo jikinsa ne, ba shi da shago ko haja da zai bar wa yaro ya tsare masa idan ya kwanta.

Ƙofa ta buɗe bayan ya fita

A watan Disambar 1989 aka kifar da Ceausescu, aka harbe shi da matarsa ranar Kirsimeti. Nan da nan kasuwar Turai ta buɗe wa 'yan wasan Romaniya. A 1990 Hagi ya tafi Real Madrid, Lacatus ya tafi Fiorentina, Gheorghe Popescu ya tafi PSV ta Holan. Miodrag Belodedici, wanda ya tsaya a gaban Duckadam a Seville, tun 1988 ya tsere zuwa Yugoslabiya, ya kuma sake ɗaga kofin tare da Red Star Belgrade a 1991. A lokacin Duckadam yana da shekara 31, shekarun da mai tsaron gida ke kan ganiyarsa, amma yana Vagonul Arad a rukuni na biyu, inda ya gwada komawa wasa daga 1989 zuwa 1991 kafin ya haƙura.

Abin da ya biyo baya rayuwa ce irin ta kowane ma'aikaci a ƙasar da tattalin arzikinta ke sauya fata. Ya yi aiki da 'yan sandan kan iyaka a Nadlac, ya kai muƙamin manjo. Ya buɗe makarantar koyar da ƙwallo a Arad, ba ta ɗore ba. Jaridun ƙasar sun ruwaito yadda ya rasa gidan da yake zaune a ciki bayan kotu ta mayar wa waɗanda gwamnatin gurguzu ta ƙwace wa, da yadda matsi ya sa ya sayar da safar hannun da ya tare fenaretin da ita. A 2003 ya samu bizar zama Amurka ta hanyar ƙuri'a, ya tafi jihar Arizona, bai jima ba ya dawo. Sai a 2008, shekara 22 bayan Seville, Shugaba Traian Basescu ya ba shi lambar girmamawa ta wasanni.

Adalci ne a faɗi cewa tsohon tsarin bai yasar da shi gaba ɗaya ba. Likitocinsa ne suka ceci hannun, kuma aikin ɗamarar da ya samu yana da nasaba da sunansa. Haka nan ba kowace matsalarsa ce laifin wani ba, domin wasu shawarwarin shi ya yanke su da kansa. Amma duk abin da ya samu alfarma ce, babu wanda aka rubuta a matsayin haƙƙinsa. Babu kwantiragin da ya tanadi diyya idan ciwo ya yanke sana'a, babu inshora, babu ƙungiyar 'yan wasa mai zaman kanta da za ta tsaya masa. Alfarma kuwa tana tafiya ne tare da mai yin ta, ranar da ya sauka ta sauka. Duk ma'aikacin da ya taɓa bin fayil ɗin fansho daga ofis zuwa ofis ya san bambancin abin da aka yi maka alkawari da abin da doka ta ce naka ne.

Rigimar gado

Babi na ƙarshe na rayuwarsa ya haɗu da rikicin da ya raba Steaua biyu. A 1998 aka cire sashen ƙwallon ƙafa daga hannun soja, a 2003 kuma attajiri Gigi Becali ya karɓe ragamarsa. Ma'aikatar tsaro ta kai ƙara, a watan Disambar 2014 babbar kotun ƙasar ta soke rajistar tambarin da Becali ya yi. Har sai da ƙungiyar ta buga wasa da tambarinta a rufe, allon filin kuma ya kira ta masu masaukin baƙi kawai. A 2017 ta koma amsa sunan FCSB, sojoji kuma suka farfaɗo da tasu ƙungiyar da sunan Steaua, ta fara daga rukuni na huɗu. Ta hau rukuni na biyu a 2021, amma dokar wasanni ta hana ta shiga babbar gasar saboda mallakar ma'aikatar gwamnati ce. Kotunan Romaniya sun karkata ga sojoji kan tarihin shekarun da suka haɗa da 1986, ita kuwa hukumar ƙwallon Turai, UEFA, FCSB take lissafa wa kofin.

Wannan rigima ta raba jaruman Seville kansu. Lacatus, wanda ya ci bugun farko, ya horar da ƙungiyar sojojin da aka farfaɗo. Duckadam, wanda ya tare huɗu, ya riƙe muƙamin shugaban girmamawa a ɓangaren Becali daga 2010 zuwa 2020, kafin ya koma sharhin wasanni a talabijin. Wasu magoya bayan ɓangaren soja sun ɗauki hakan a matsayin cin amana. Sai dai kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a tambaya wa ya neme shi a shekarun da yake fama. Becali ya ba shi albashi da kujera a lokacin da yake buƙata, shi kuma Becali ya samu abin da kuɗi ba sa saye cikin sauƙi, wato fuskar 1986 a gefensa yayin da ake ƙalubalantar halaccin ƙungiyarsa. Ciniki ne da kowa ya san abin da ya saya. Ɓangarorin biyu sun kashe shekaru da kuɗin lauyoyi kan tambari da suna, kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Daren da ba zai dawo da sauƙi ba

Akwai dalili na biyu da ya sa mutuwarsa ta taɓa 'yan Romaniya haka. Suna makokin zamanin da ƙungiya daga ƙasarsu, da 'yan wasan gida zalla, za ta iya zama zakarar Turai. Bayan Red Star a 1991 babu wata ƙungiyar gabashin Turai da ta sake cin kofin. Hukuncin Bosman na 1995 ya sauƙaƙa wa 'yan wasa sauya sheƙa, ya kuma ba manyan ƙungiyoyi damar tara baƙi, kuɗin talabijin ya taru a ƙasashe ƙalilan. Bayan da Porto ta ci a 2004, har zuwa 2024 kofin bai fita daga Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus ba. A sabon tsarin ƙungiyoyi 36 da aka fara a 2024, shiga gasar kawai na kawo wa ƙungiya sama da Yuro miliyan 18, amma rabon da wata ƙungiyar Romaniya ta kai wannan mataki tun kakar 2013 zuwa 2014. A 2024 ma Sparta Prague ce ta tare FCSB a wasannin share fage, ta koma gasar Europa.

Kada wannan ya sa a yi kewar zamanin Ceausescu. Ƙarfin Steaua ta 1986 ya samu ne saboda an kulle 'yan wasa a gida, ba su da ikon sayar da basirarsu inda ta fi daraja. Tsarin da ya tara wa Jenei zaratan ƙasar a wuri guda shi ne ya hana Duckadam tara abin da zai dogara da shi. Tsarin yau ya bai wa ɗan wasa 'yanci da dukiya, amma ya talauta ƙungiyoyin ƙananan ƙasashe. Matashin golan Romaniya mai irin baiwarsa a yau zai bar gida da wuri, zai samu wakili da kwantiragi da inshora, kuma da wuya ya ɗaga kofin Turai da rigar ƙungiyar ƙasarsu.

An yi wa Duckadam tiyata sau da dama a rayuwarsa, har da ta zuciya watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Yanzu da ya tafi, ɓangarorin biyu na Steaua da hukumomin ƙasar duk sun fito da saƙonnin ta'aziyya, kowa na kiran sa Jarumin Seville. Yabon gaskiya ne, amma ba ya cin kuɗi. Abokan wasansa na wannan dare da ke raye duk sun manyanta, haka ma ɗaruruwan 'yan wasan zamaninsu da ba su taɓa tare fenaretin kowa a idon duniya ba, waɗanda ba su da sunan da wani attajiri zai saya. Yadda hukumar ƙwallon Romaniya da ƙungiyoyin biyu za su kula da waɗannan, da irin tanadin da za su rubuta wa masu tasowa, shi zai nuna ko an koyi wani abu daga rayuwar mutumin da ake makoki.